Sunan Da Ba Ya Yankuwa

Wani ne a nan garinmu da ake ce wa Piter, ya tsani a gutsure suna kamar ya tsani mutuwarsa. Ko garin ba ya ce masa Piter kamar kowa. Sai ya cika baki: "Sankt-Peterburg." Kafin ya kai ƙarshe shayinsa ya huce.

Yana da dalili, bawan Allah. Ga furfura, ga tumbi, amma har yaran unguwa da guntun suna suke kiransa. Ya rantse a gaban abokan aikinsa cewa ɗansa ba zai ga wannan rainin ba.

Matarsa ta haihu, namiji. Gogan ya aro suna daga ƙasar waje: Arcibald.

"In ga mai taɓa wannan!"

Sai ga surukarsa, Zinaida Arkadyevna, da tukunyar miyar kabeji. Ta leƙa gadon jariri.

"Wayyo, Arcik ɗina! Hancin ubansa ya kwaso, Allah sarki."

"Arcibald ne, Zinaida Arkadyevna!"

"Da haƙoran nan nawa? Kai da ka aro shi, kai za ka tauna."

Ba a jima ba har mai sharar bene Arcik take cewa. Abokan aiki kuwa kullum da safe: "Ya Arcik ya kwana?"

Da aka sake haihuwa, namiji, gogan ya ce, "Na gano su. Dogo suke samu su yanka." Ya aro Karl.

"To, ga shi nan. Ba wurin sa wuƙa."

Tsohuwa ta ɗauki jariri ta rungume.

"Karlusha! Karlushenka na kaina!"

Suna ya fi jaririn tsawo. Mutumin ya yi tsalle kamar ya taka garwashi.

"Dogo ku yanke, gajere ku ja! Wai me na yi muku ne?"

"Kwantar da hankalinka, suruki. Garin da sarki ya gina, ya raɗa masa sunan waliyyi, mun mai da shi Piter, bai ce uffan ba. Kai wane ne?"

"Ba komai! Za su girma. Ranar da suka zama manyan mutane, dole a kira su da cikakken suna, a liƙa nawa sunan na uba a baya, yadda ake wa kowa. Wannan kam babu mai yanke shi!"

Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya.

"Na sani, suruki. Tun ranar bikinku nake neman wuƙar."