Ranar da na nuna wa Hauwa'u hanyar Abuja

Da damina ne, a shekarar da kusan kullum sai an ji labarin wanda ya shiga motar ɓarayi bai dawo ba. 'Yata Hauwa'u ta gama sakandare, za ta fara koyon kwamfuta a Abuja. A taron iyaye na miƙe na ce, "Ni dai yaƙi da jahilci na yi, amma duk wanda ya gama sakandare ya kamata ya iya tafiya shi kaɗai, ya tambaya kafin ya shiga mota, ya haddace lambar gida." Har tafi aka yi mini.

Ranar farko na raka ta don ta ga yadda ake yi. A dawowa ruwa ya sauko mana a Zuba. Na faɗa wata bas ina cewa, "Biyo ni," ban tambayi kowa ba. Sai da muka yi nisa na waiwaya. Babu Hauwa'u. Cajin wayata ya ƙare, lamba ko ɗaya babu a kaina. A Sabon Wuse na sauka, a raina ina ta hango ta cikin motar mugaye.

Da la'asar na iso gida a jiƙe, na tarar da ita tana tsintar shinkafa.

"Mama, ai motar Kaduna kika shiga. Ni na tambayi kwandasta."

Maƙwabciyata Maman Chidi tana wajen. Har yau in ta gan ni da mayafi sai ta ce, "Malama, ke kaɗai za ki? A kira Hauwa'u."

Washegari da safe na zauna a tabarma ina haddar lambar Hauwa'u, tana gyara mini.