Faɗa-wutar da Na Kai Ruwan Godiya Cikin Kwalba

Ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tona wa kaina asiri da lasifika a hannu ba, ina yi ina murmushi, jama'a na tafa mini.

Sana'ata sayar da kayan noma ce a Ƙanƙara: iri, taki da maganin feshi. Da tire na fara, ina yawo da ƙulle-ƙullen maganin ɓera a kasuwa, har Allah ya kai ni ga shago mai sito a baya. Ban yi nisa a boko ba, amma ina da ido. Manomi zai zaro ganye daga aljihu, in duba in gaya masa abin da ke cin gonarsa, kuma yawanci in dace. Wannan dacewar ce ta kumbura mini kai.

Daminar da ta gabaci abin da zan ba ku labari, wata baƙuwar tsutsa ta shigo mana. Tana shigewa can cikin zuciyar masara, ta ci ta ƙoshi, ta bar kashi kamar garin katako. Daga Yargoje har Faskari har Sabuwa, babu majalisar da ba zancenta ake ba. Da bazara ta kama, sai Sarkin Noman Ruwan Godiya, Baba Alhaji Idi, ya aiko mini cewa ƙungiyarsu ta manoma za ta yi taro. Wata malamar gona za ta zo daga Zariya ta yi bayanin tsutsar, kuma a ranar za su zaɓi wanda zai kawo wa ƙungiyar irin masara na bana gaba ɗaya. Mu biyu ke nema: ni da Alhaji Ɗanlami na Sabuwa, wanda muka daɗe muna ja-in-ja a kan masu saye. Ni kuwa tun da kaka na bi gonakin da suka tsira, na zaɓo masara mai kyau, na jibge buhuna a sito har kusa da rufi, duk saboda wannan ranar.

Ana saura mako guda, wani ya turo mini bidiyo a waya. A ciki aka nuna cewa tsutsar nan tana da uwa, wato wata faɗa-wuta, irin ƙwarin nan masu fukafukai da ke rububin fitila. Ita ke saka ƙwai a ganye, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya zama tsutsa. Hotonta ya cika fuskar waya, ruwan ƙasa-ƙasa da ita. Na kalla har sai da caji ya ƙare.

Bayan kwana uku na shiga sito da hantsi ɗauko igiya, kafaɗata ta bugi buhu. Sai na ga abubuwa sun tashi fir! Na sake bugawa, suka sake tashi. Masu fukafukai, ruwan ƙasa-ƙasa. Wallahi sai da na yi kabbara. Abin da malaman Zariya ke nunawa a hoto, ga shi Allah ya kawo mini har gida da ransa! Na ruga cikin gida na warci rariya a hannun uwargida tana tsakiyar tankaɗe, na dawo ina tsalle tsakanin buhuna kamar mai kamun fara (ku tuna ina da tumbi, kuma shekaruna sun haura hamsin). Na kama guda bakwai, na zuba a kwalbar zuma, na huhhuda murfin da ƙusa don su sha iska.

Na ajiye kwalbar kusa da waya ina gwadawa. Launi ya yi. Fukafukai sun yi. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini: ta waya ta kai tafin hannu, nawa kuwa kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Nan take na warware matsalar da kaina. Na ce ai 'ya'ya ne, ba su gama girma ba.

Ranar taro na sha shadda mai sitaci, na kama hanya da sassafe don a dawo kafin la'asar, kun dai san hanyarmu. Kwalba na aljihun gaba, samfurin iri na cikin leda a kujerar baya. Duk ramin da mota ta faɗa sai na dafa aljihu.

An yi taron a filin makarantar firamare, ƙarƙashin mangwaro. Maza a kan benci da tabarmi, mata a gefe guda. Malama Hauwa, malamar gonar, mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ta nuna yadda ake gane tsutsar: alama a goshi kamar gwafa a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya. Ta ce kada a rikita ta da tsohuwar tsutsarmu mai huda kara, domin kowace da yadda ake yaƙarta. Ni ban ji rabin bayanin ba. Jira kawai nake ta ce akwai mai tambaya.

Tana faɗa na miƙe, na karɓi lasifika.

"Jama'a, salamu alaikum. Malama ta nuna muku ɗiya. To ni uwar na kawo muku, da ranta!"

Na zaro kwalba na ɗaga sama. Wurin ya kaure. Masu benci suka miƙe, na baya suka turo na gaba. Kwalba ta shiga yawo hannu zuwa hannu.

"Kai! Wagga 'yar mitsitsiya ce ta cinye mani kadada biyu?"

"Riƙe da kyau, Malam Sani, kada ka sake muna ita a gari!"

"Alhaji na Ƙanƙara ba dama. Shi ya kamata a kai Zariya!"

Baba Sarkin Noma ya kai kwalbar kusa da idonsa, ya jinjina kai, ya dube ni irin duban da ke cewa magana ta ƙare. Na saci kallon Alhaji Ɗanlami, na ga ya tsuke fuska yana jan carbi da sauri. Daɗi ya ɗebe ni. Maimakon in zauna, sai na shiga karatu. Na raba musu faɗa-wuta gida uku, na gaya musu wacce ke cin masara, wacce ke cin dawa, da wacce ba ruwanta da kowa (har yau ban san inda na samo wannan rabon ba). Na ƙara da cewa waɗannan yara ne, nan da sati biyu kowace za ta kai tafin hannu.

Kwalbar ta iso hannun Malama. Ta ciro wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, ta duba, ta juya kwalbar, ta sake dubawa. Sannan ta tambaye ni a hankali, ba ta lasifika ba.

"Alhaji, a wace gona ka kamo su?"

Ni kuwa na amsa ta lasifika.

"Wace gona, Malama? Har shagona suka biyo ni! Cikin sito, a buhunan irin masara. Kuma ba bakwai ba ne kawai, in kika bugi buhu tashi suke kamar hayaƙi!"

Baiwar Allah ta so ta rufa mini asiri. Ta ce, "To Alhaji, bari mu yi maganar bayan an tashi."

Na ce, "A'a Malama, ilimi ba a ɓoye shi. Gaya wa jama'a."

Ta karɓi lasifikar. Ta buɗe wani ƙaramin akwati mai gilashi, ta ɗaga. A ciki ga wata faɗa-wuta an soke ta da allura, mai kauri, faɗinta ya kai gaɓa biyu na yatsa, fukafukan baya farare da baƙin baki. Ta ce wannan ce uwar baƙuwar tsutsa. Ta ce faɗa-wuta ba ta girma, yadda ta fito haka za ta mutu, don haka na cikin kwalba ba 'ya'yan kowa ba ne, manya ne. Ta nuna siraran fukafukansu masu tsini da gashi-gashi a baki. Ta ce wannan ta rumbu ce, hatsin ajiya take bi. Tsutsarta cikin ƙwayar take zama, ta cinye cikin, ta huda ta fito. Irin da ta ci kuwa, ko an shuka ba lalle ya tsiro ba.

Tsit. Har kukan akuya na ji daga bayan aji.

Sai muryar Alhaji Ɗanlami daga can gefe, cikin ladabi kamar ɗalibin kirki: "Malama, don Allah a maimaita wurin buhunan nan. Mu na baya ba mu ji da kyau ba."

Dariyar da aka fashe da ita, ina jin har bakin kasuwa an ji. Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Yo ai da mu ya tambaya. Wa bai san ta ba a rumbu?" Ni dai ina tsaye, shadda ta jiƙe ta manne a baya, hannuna har lokacin a miƙe kamar mai jiran a dawo masa da lasifika.

Baba Sarkin Noma bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, ya ce, "Alhaji, buhunan nan masu hayaƙi, su ne za ka kawo muna mu shuka?"

Na so in ce wasu ne daban. Maganar ta zo har bakina. Amma mutanen nan bara tsutsa ta cinye su, in na ba su irin da ba zai fito ba, na gama da su ke nan. Na ce, "Su ne, Baba. Samfurin ma yana mota. A kawo ruwa a gwada."

Aka kawo ruwa a roba, na zuba masarar da hannuna. Mai nauyi ta nutse. Sauran kuwa suka taso suka rufe saman ruwan, kowace da ɗan raminta kamar an huda da allura. Na ɗebo ɗaya na matsa, ta fashe fanko. Na ce, "Baba, ban da ni a bana. Ku ba Alhaji Ɗanlami, amma shi ma a jiƙa nasa a gani." Aka jiƙa, nasa ya nutse sarai, Alhaji Ɗanlami ya bi ni da wani murmushi da har yau bai gama ba.

Haka cinikin da na yi wata biyar ina tanadi ya tafi Sabuwa. Na koma gida na fitar da buhunan na shanya a rana, na sayar wa masu kiwon kaji bayan na gaya musu abin da ke ciki, na share siton na yi masa feshi. Malama kafin ta tafi ta gaya mini in riƙa ajiya a buhu mai leda ciki wanda iska ba ta shiga, kuma tun daga lokacin haka nake yi.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna. Hoton waya ba ya gaya maka girman abu. In mai ilimi ya ce maka "bari sai an tashi", to rufa maka asiri yake, ka yi shiru ka nemi wuri ka zauna. Yanzu ko sauro na gani a sito, sai na ja mutum gefe na tambaya a kunne tukuna.