Rasuwar Faifan Hajiya Zubaidatu a Gonar Kafili

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Hajiya Zubaidatu ta Waziriyya, mai waina a kasuwar Bab Makka da ke Jidda, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wadda ta taɓa sa hannu a kwanonta rasuwar faifanta, faifan kaba mai jan baki da baƙar cibiya. Ya rasu ranar Juma'ar da ta wuce a wata gona can bayan gari, ba a ɗakinsa ba, ba kuma a hannun mai shi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin haifaffen Gumel ne. Mahaifiyar Hajiya ce ta saƙa shi da hannunta, ta ɗora shi a kan kayan ɗakinta ranar da za a kai ta gidan miji. Tare da Hajiya suka zo Umra, tare suka ƙi komawa, ya tsufa a Jidda ba wanda ya taɓa tambayarsa iƙama, takardar izinin zama. Ya rufe kwano, ya sheƙe shinkafa, ya fifita garwashi, ya fifita Hajiya kanta duk ranar da wuta ta ɗauke zafi ya danne gari. Wanda ya san gidan ya san muryarsa da hantsi: shaf, shaf, shaf, tsakuwa gefe, ƙwaya gefe. Bai taɓa ƙorafi ba, bai taɓa kai maganar abin da ya rufe waje ba.

Abin da ya sa mutuwar ta fi zafi, saura kwana kaɗan ya yi aikin da aka daɗe ana tanadinsa dominsa. Juma'a mai zuwa za a kai Mubina, jikar Hajiya, ɗakin mijinta. A gidansu, kwanon farko da amarya za ta kai wa uwar miji da faifan gado ake rufe shi, don a san yarinya daga wani wuri ta fito. Uwar ango, Hajja Ilham ta Ruwais, Bahaushiyar Sudan ce mai ido a kan irin wannan. Ta ga marigayin ranar gaisuwa, ta juya shi, ta shafa bakinsa, Hajiya kuwa ta ce a gaban mata, “Da shi za ta shigo miki.” Maganar nan ta fita. Hajiya ba ta taɓa barin maganarta a wuyan wani ba, ba ta kuma iya kwana da ta wani a nata.

Ciwon ajalin ta hannun ɗanta ya zo, Jabiru, uban amarya, mai furfura a gemu. Shi ke ba itatuwa ruwa a gonar kafilinsa Hatim, Balaraben da ya tsaya masa yake zaune a ƙasar. Shi kuwa Hatim ya kakkafa kwandunan ƙarfe masu sarƙoƙi a tsakanin magarya da dabino da darbejiya, shi da abokansa su tsaya daga nesa suna wurga wani farantin roba, wai sai ya ratsa itatuwa ya faɗa kwando, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Da fari Jabiru tsintar farantai yake yi musu a cikin ƙaya. Daga nan aka ce ya gwada. Halas, shi ke nan, ciwon ya kama shi. Akwai wani kwando da ke bayan magarya biyu, tsakaninsu bai fi ƙofar banɗaki ba. Duk Juma'a sai wurin nan ya kunyata shi: farantin ya daki itace, ya dawo masa, Larabawa su yi ta dariya. Sai ya zauna ya yi nazari irin nasa, wai roba ta cika nauyi, abin da zai bi iska ya lanƙwasa ya zagaye itace sai kaba. Ya jira Hajiya ta fita kasuwa, ya sauke marigayin daga ƙusa.

Waɗanda suka ga abin sun ce marigayin ya tashi da mutuncinsa, ya wuce magaryar farko, ta biyu ta cafke shi can sama. Aka jefe shi da dutse, bai sauko ba. Aka zo da gora mai ƙugiya, aka ja, ƙaya ta riƙe, aka ƙara ja. Ƙarar ƙarshe da aka ji daga gare shi ita ce kyaaat. Rabi ya faɗo cikin kwatar ban-ruwa, rabi na can har yanzu tsuntsaye na ja.

Jabiru ya shigo da gawar a leda yana ɗiga.

“Inna, ma'alesh, wallahi iska ce.”

“Iskar ce ta shigo ɗakina ta sauke shi daga ƙusa?”

“Saura ƙiris fa ya shiga kwandon, Inna.”

“To yalla, je ka Ruwais ka gaya wa surukarka saura ƙiris.”

Hatim ya aiko da ta'aziyya, haɗe da sabon farantin roba ruwan ɗorawa. An gode, an kife shi a bakin bokitin shara.

Marigayin ya bar kwanon samira wanda ke kwana a buɗe tun ranar, da tanda, da muciya, da ƙusa a bango ba kowa a kanta. Ya bar Mubina, wadda ke cewa, “Kaka, ba komai, ai zamani ya canza,” sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ya bar Hajiya, wadda ta taka Bab Makka shago shago har ƙafa ta kumbura, ba ta samu komai ba sai murfin roba da wasu na ado da ake maƙalawa a bango, waɗanda ko tururin tuwo ba za su iya ɗauka ba. Ita ta iya saƙa da ƙuruciya, yanzu yatsu sun sandare, ido baya ganin kafar basilla.

Game da jana'iza: ba a binne ba tukuna. Gawar na kan akwati a nannaɗe da farin mayafi, don cibiyar ta tsira da zagaye kaɗan, kuma mai hannu za ta iya ɗorawa daga nan. Ana zaman makoki kullum bayan la'asar a ɗakin Hajiya. Kada a kawo shinkafa, kada a kawo lemo. Mai zuwa ta zo da kaba da basilla, ko ta zo da sunan mai iyawa, ko a Makka take za a je a ɗauko ta. Bashira ta bayan masallaci, an ji gwaggonki ta sauka Umra daga Kazaure, an kuma ce ta iya. Ke kika ari marigayin ranar sunan ɗanki, kika dawo da shi da tabon mai, ba sannu ba na gode, aka yi miki shiru. Yau ake neman sakayya. Jabiru zai zauna a bakin ƙofa yana karɓar gaisuwar maza, kada kowa ya ba shi kujera.

In Alhamis ta yi ba a samu mai ɗorawa ba, za a binne shi bayan azahar, Jabiru ne zai haƙa. Washegari Hajiya da kanta za ta ɗauki kwanon jikarta, ta hau benen Hajja Ilham da shi a buɗe, ta tsaya a gaban matan da suka ji alkawarin. Ku taimaka, don Allah, kada tsohuwa ta hau benen nan haka.