Shanun Abarci a Gajimare

"...ya gajiyar hanya?" Hamdiya ta ƙarasa gaisuwa tana shimfiɗa wa kakanta Abarci tabarma a ƙofar ofishin ƙungiyar makiyaya ta Dakoro, inda take aiki. Tun daga Tagriss ya taso hankali a tashe. Jibi masu allurar dabbobi za su fita daji, kuma garkunan da ƙungiya ta san da su kawai za su bi. Shi kuwa an gaya masa ordinatar jikarsa, wato kwamfutar da sunayen garkunan ke ciki, ta ƙone.

"Ajiye gaisuwarki, amarya. Na ji kin toye mani shanu cikin akwati."

"Akwatin ne ya mutu, tsoho. Shanunka suna cikin gajimare."

"Gajimare? Mu muna can muna jiran shi da ruwa, ashe ke kika ɗora mashi shanu ya kasa tashi!"

"Suna ne kawai. Manyan ordinatoci ne na wani kamfani can nesa. Su ke tsaron rumbun bayananmu, su gyara shi, kullum su ajiye kwafi."

"Wato kiwo kika ba wanda ba ki taɓa ganin ƙwayar idonshi ba. Raguwar mata! In ya gudu da su fa?"

"Tsarin rumbun na kowa da kowa ne. In ya ɓata mani rai in kwashe kayana in kai wa wani. Yadda zan yi da kai."

"Wa zai kwashe ki? Furarki ko kare sai ya yi shawara."

"Haƙori nawa gare ka da za ka san daɗin abinci?"

Ta aro ordinatar abokiyar aikinta ta buɗe. Rezo, wato layin intanet, ya tsaya yana juyi. Abarci ya matso har rawaninsa na gogar kafaɗarta. Bara annoba ta kashe masa maruƙa, bai manta ba.

Can ta juyo masa da fuskar na'urar. "Abarci, Tagriss, rijiyar gabas. Shanu, tumaki, har jakin nan da kuka yi yaye tare."

Ya sauke ajiyar zuciya, sannan dariya ta ƙwace masa. Ya kwance jakarsa ya fito da cuku.

"Karɓi. Rabi naki, rabi ki miƙa wa makiyayin nan na sama. Na fasa sakinki sai bayan allura."