Yadda Za Ka Hau Saman Gugul Da Buhun Da Ba Naka Ba

Kai mai ƙaramar sana'a, matso kusa. In ka gaji da zaman jiran ciniki kana korar ƙuda da mafici, bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Na yi maka alkawari duniya za ta san da kai, kuma za ta tako har ƙofar rumfarka. Hanyar gwadaddiya ce. An gwada ta a kan Alu ɗan Tawa, mai awon hatsi a bayan kasuwar Peti Marshe a Yamai, a shekarar da fari ya cinye gonaki sojoji kuma suka karɓi mulki. Yana nan da ransa. Kana iya zuwa ka tambaye shi, in zai amsa maka.

Mataki na ɗaya: Ka saurari wanda bai taɓa sayar da ko allura ba

Daga bakin irinsa shawarar kasuwa mai kyau take fitowa.

Alu ba mai kuɗi ba ne, ba kuma matsiyaci ba. Yana da rumfar kwano, da buhunan hatsi da masara da wake waɗanda bango guda ya ishe su jingina, da tiyar awo, da matarsa Balki wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Wata ranar ce direban wata ƙungiyar agaji ta unguwar Filato ya tsaya awon wake, ya dubi rumfar ya girgiza kai.

"Kana nan kana fama da tiya, mutanenmu suna can suna neman mai sayar musu da hatsi kamiyo-kamiyo, manyan motoci cike. Amma su ba sa shigowa kasuwa, rana ta yi musu zafi. Ordinata, kwamfuta ke nan, suke tambaya. Kana da sit a intanet?"

"Yana hanya," in ji Alu. Amsar da ɗan kasuwa ke ba wa duk abin da bai san mene ne ba ke nan.

Mataki na biyu: Nemi gwani

Gwani ba ya ɓuya. Yana magana da sauri, rabin maganar Faransanci ne, kuma zai kira ka Patoro, wato maigida, tun ba ka zauna ba. Na Alu sunansa Sumana, Bazabarme mai sibar a gefen kasuwa, wato shagon da ake biya a hau intanet duk lokacin da kuran, wutar lantarki ke nan, ya ga dama ya zo.

"Fofo, Patoro! Sit? Ai rumfa ce kawai. Sai dai ita ba ɓera, ba ruwan sama, ba a rufe ta da magariba. Kuma ba a ganin komai a cikinta sai abin da ka nuna."

Wannan ta ƙarshen ce ta shiga kunnen Alu ta zauna.

Mataki na uku: Raɗa sunan da ya fi ka ƙiba

Alu ya ce a sa Rumfar Alu. Saura kaɗan Sumana ya ƙware da shayinsa. Ya share baki ya buga: Etablisma Alu da 'Yan'uwa, Ampor-Ekspor, wato kamfanin shigo da kaya da fitar da su.

"Waɗanne 'yan'uwa?"

"Ba ka da dangi a ƙauye, Patoro?"

"Gari guda ma."

"To ka gani. Ina ƙarya a ciki?"

Riƙe wannan: babbar riga ba ta taɓa kai ƙarar ramammen da ya sa ta ba.

Mataki na huɗu: Kada ka cuci jama'a da hoton gaskiya

Sumana ya zo da kyamara ya ɗauki rumfar. Da suka buɗe hoton a ordinata, abin da ya fi fitowa shi ne akuyar maƙwabci tana cin bakin buhu, sai ƙafar Alu da tsinkakken silifa. 

Sai Sumana ya shiga intanet ya tsinto hoton wata mangaza, wato babban ɗakin ajiya, wadda ido ba ya kai ƙarshenta, buhuna jere har rufi. Alu ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Bai taɓa ganin arzikinsa da kyau haka ba.

"Ta wa ce?"

"Ta intanet ce, Patoro. Abin intanet kamar ruwan kogi ne, kowa da gugarsa."

Ƙasan hoton suka rubuta cewa akwai hatsi a ajiye komai yawan da ake so. Suka sa lambar wayar Alu, da kwatancen rumfarsa dalla-dalla, har da bishiyar da ke gabanta. Kowane sit yana bukatar gaskiya guda ɗaya. Ka tabbata taka ita ce inda za a same ka.

Mataki na biyar: Ka cika wa injin bincike kunne

Yin sit ba shi ne aiki ba, a gan shi ne aiki. Sumana ya bayyana masa cewa Gugul kamar dillali yake: in an tambaye shi wa ke da hatsi, sunan da ya fi ji shi zai fara faɗa. Saboda haka suka nemo kalmomin da duniya ta fi tambaya a kan Nijar a shekarar, wato fari, yunwa, hatsi, ajiya, babban dila, Yamai. Suka zuba su a kan shafi, a tsakiya, a ƙasa, har da wasu da farin rubutu a kan farin fili, yadda mutum ba zai gani ba sai inji.

Bai tsaya nan ba. Duk jaridar da ta buga labarin yunwa a intanet, sai Sumana ya sauka ƙasan labarin ya rubuta ta'aziyya mai taɓa zuciya, ya liƙa adireshin sit ɗin a ƙarshe. Duk wanda ya zauna a sibar ɗinsa don aika saƙo ga ɗan'uwansa a Abija ko Kwatano, mangazar Alu ce ke fara yi masa sallama.

Da ma a lokacin masu awon hatsi na Yamai da ke da sit ba su cika tabarma ba. Tseren da kai kaɗai ne a ciki, wuya ne ka zo na biyu.

Mataki na shida: Yi haƙuri da matarka

Kafin damina ta kankama, Sumana ya kira shi ya nuna masa: in ka rubuta babban dilan hatsi a Yamai, Alu ne a sama. Alu ya sayi sabuwar hula. Ya koma tafiya da hannu ɗaya a baya. Waya ta fara shigowa, masu magana ta hanci suna tambayar tan-tan na hatsi, shi kuma yana ce musu kaya suna kan iyaka, a ƙara kira.

"Maigida," in ji Balki, tana tankaɗe gari, "wannan hatsin da ake ta kiranka a kansa, a ɗan ɗebo mana ko tiya ɗaya mu ɗanɗana mana. Tukunyata ta ce tana son gaisawa da shi."

"Ke ba ki san kasuwar zamani ba. Suna ake fara yi, kaya su biyo baya."

"To Allah ya sa kayan ne za su biyo."

Kada ka kula ta. Mace ba ta san intanet ba, mijinta kawai ta sani.

Mataki na bakwai: Tarbi baƙon farko da fara'a

Wata safiya Alu yana jera buhuna sai ya ji sallamar da ya sani tun yana goye. Gwaggo Hajjo ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsa. Ta rame har zanenta ya zagaye ta ya yi saura. A kanta ƙunshin buhunan wofi ne, an ɗaure su da igiya.

Ta sauke, ta sha ruwa, ta kwance bakin zane ta fito da takarda. Mangazar ce. Mushen lakwal ɗin garinsu, wato malamin makaranta, shi ne ya je Tawa ya shiga sibar, ya gani, ya buga, ya kawo aka manna a ƙofar masallaci.

"Alu, mi muka yi maka? 'Ya'yan anza na daji muke jiƙawa muna ci, ɗacinta ya kama mana harshe. Awaki sun ƙare. Kai kuwa kana zaune bisa wannan, har ka rubuta da 'yan'uwa. To ga 'yan'uwan sun aiko ni. Kowane gida da buhunsa, na san na kowa da ɗinkinsa."

Alu ya buɗe baki. Ya dubi masu rumfunan kusa, waɗanda ya wuni yana gaya wa shi ne na ɗaya a duniya, duk sun miƙo wuya.

"Gwaggo, ki huta tukuna. Mangazar tana da ɗan nisa."

Ka lura da ƙwarewa. Ko a nan bai saki suna ba.

Mataki na takwas: Ka tuna soja ma ya iya karatu

A kwanakin ana ta raɗe-raɗin cewa masu mulki suna neman 'yan kasuwar da suka ɓoye hatsi suna jiran ya ƙara tsada. Gwaggo ba ta gama shan furarta ba sai kasuwa ta yi tsit. Motar soja ta tsaya daidai gindin bishiyar da aka kwatanta, kamiyo biyu a bayanta. Wani soja mai muƙamin ajuda, mai furfura a gemu, ya sauko, takarda a hannunsa, irin ta Gwaggo sak.

"Kai ne Etablisma?"

"Alu dai, Shef."

"Mun ji kana da hatsi komai yawan da ake so. Muna so. Shiga gaba ka nuna mana mangaza."

Nan ne za ka ga amfanin mataki na ɗaya zuwa na bakwai, domin duk abin da ka gina sai ka rushe shi da bakinka, da ƙarfi, a gaban kasuwa. Alu ya cire sabuwar hula. Ya rantse ba shi da mangaza, ba shi da kamiyo, bai taɓa ampor ba balle ekspor. Ya ce abin da ke jingine a bangon nan shi ne iyakarsa a duniya. Ya kira maƙwabta shaida cewa shi ba kowa ba ne, suka kuwa ba da shaida da gaggawar da ta ba shi mamaki.

Ajudan bai yarda ba, don duk mai ɓoyo haka yake cewa. Aka tasa Alu zuwa sibar, Gwaggo tana biye, rabin kasuwa na biye da ita. Sumana, wanda yau Faransancinsa ya gudu ya bar shi, ya buɗe hoton ya yi ta ƙara masa girma. Can ƙuryar mangazar sai ga wani Bature cikin rigar sanyi mai kauri, ƙanƙara ta taru a bakin ƙofa. A jikin kowane buhu kuma, hoton kare ne yana lasar baki.

Wani ya ƙyalƙyale a baya, dariya ta kama har waje. Ajudan kaɗai bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ninke takardarsa.

"Wallahi na so a ce kai ɓarawo ne," ya ce a hankali. "Da na ɗaure ka, da yammacin nan kamiyon nan sun kama hanyar arewa a cike. Tsohuwata tana can ita ma."

Alu ya fi son a ce marinsa ya yi.

Mataki na tara: Sallami baƙi

Da suka koma rumfa, Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa tana gyara igiyar ƙunshinta.

"Ni ba ƙaryar ta dame ni ba, ɗan nan. Har bakin hanya suka rako ni, da yara. Mi zan ce musu?"

Alu ya tsaya kallon hannuwanta. Sai ya sunkuya ya kwance igiyar, ya ɗauki tiya, ya fara zubawa. Tana faɗin mai buhu yana awo: na gidan liman, na matar makaho, na marayun Buba. Hatsi ya ƙare ya shiga masara, masara ta ƙare ya shiga wake. Ba buhun da ya cika, ba kuma wanda ya koma wofi. Balki ta zo da abincin rana ta tarar da bango tsirara. Ta dubi mijinta, ta dubi tsohuwar, ta ajiye kwano ta kama bakin buhu tana ɗaurewa. Ran nan dai ba ta ce komai ba.

Ajudan ya sa aka loda buhunan a kamiyo guda da zai bi ta Tawa, aka ba Gwaggo gaba kusa da direba. Kafin ya tafi ya nuna Sumana da yatsa.

"A cire abincin karen nan. A sa hoton rumfar yadda take. Yau."

Mataki na goma: Ci ribar ɗaukaka

Sumana ya bi umarni kamar soja. Ya ɗauki Alu zaune a rumfa wayam, tiya kife a gabansa, ya yi tagumi. Ya sa a sit. Kalmomin nan na fari da yunwa kuwa ba wanda ya ce a taɓa su, suna nan suna aikinsu.

Ba a jima ba Alu ya ƙara matsayi. Ya bar babban dila, ya koma fuskar yunwa ita kanta. In ka rubuta fari a Nijar ka nemi hoto, shi ne zai fara kallonka. Surukansa na Maraɗi suka gani, suka aiko da ƙunshin garin rogo da saƙon cewa in abin ya yi tsanani a turo musu Balki ta ɗan kwana biyu. Direban ƙungiyar agajin ya dawo ya ce ya ga hotonsa a bangon ofishinsu, an buga shi babba, kuma ya yi kyau ƙwarai.

Alu ya koma awo da buhu guda da wani maƙwabci ya ba shi ya juya. In baƙo ya tsaya ya ce kamar ya san fuskarsa, sai ya ce mutane suna kama, ya tambaye shi tiya nawa.

Faɗakarwa

Mai wannan darasi bai taɓa awon hatsi ba, kuma bai san inda ake kunna ordinata ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da soja a ƙofa, ko gwaggo, ko tausayin surukai, shi ya jiyo. Shawara in ta bar rumfa ba a maido ta. Mai ƙorafi ya neme ni a intanet, ba na ciki.