Kumfa a Kan Gahawar Mahdi

"Lafiya lau na kwana, kai ne ban ga alamar ka kwana ba," in ji Yakaka. "Wane irin miji ne wannan, yana gaida matarsa idonsa na kan finjali?"

"Matar da haƙoranta huɗu suka rage? Gara finjalin, shi bai taɓa roƙona goro ba," in ji Mahdi.

"Biyar ne, makaho. Ɗaya yana can ciki yana hutawa."

Hantsi ne a gidansu na Dogo Nini, cikin Potiskum. Mahdi yana durƙushe a gindin dogonyaro. Shi jikan Yakaka ne, ɗan 'yarta da ta rasu ta bar mata shi yana rarrafe. Wata biyu ke nan da ya dawo daga bautar ƙasa a Jos, kuma maimakon ya dawo da mata ko takardar aiki, sai ya dawo da wani ƙarfe mai mariƙi kamar famfon tuƙa-tuƙa, da ɗan injin niƙa na hannu, da wani mitsitsin sikeli. Kullum da safe sai ya auna 'ya'yan gahawa, ya niƙa, ya danna, ya matso baƙin ruwa cikin finjali, sannan ya leƙa ciki kamar mai duba.

Yakaka tana yi masa tsiya da baki, amma hankalinta ba a kwance yake ba. Shekara uku da suka wuce ta hango Gana, ɗan maƙwabcinsu Zarami, ta kan katanga yana jefa ƙwayoyi cikin kwalbar lemo. Ya girgiza har ta yi kumfa, ya ɗaga kai ya shanye. Ta yi shiru a lokacin, ta ce ai ba ɗanta ba ne. Yau Gana yana bakin tasha ba riga, yana ba tireloli hannu. Ga shi yanzu nata yaron, shi kaɗai da ya rage mata, ya tsiri wani abin sha mai kumfa. Ranar da kumfar ta taso sai ya wuni yana waƙa, ranar da ba ta taso ba ko abinci ba ya ci da kirki. Tsoro take ji sosai, kuma ba ta da hanyar tambayarsa sai ta wasa.

"Yau ma ba ta zo ba?"

"Ba ta zo ba. Dubi, baƙi ƙirin kamar ruwan kwata."

Ta yi hamdala a zuci, a fili kuwa ta taɓe baki. "Wai wace ce wannan da kake jira kullum? Ko 'yar tallan da ta ci kuɗin zance ta fi ta cika alkawari."

"Kumfa ce, tsohuwa. Kirema ake ce mata. In an matse gahawa daidai sai ta taso a kai, ja-ja-ja kamar zuma, da kauri. Ko sukari kika zuba sai ya ɗan zauna a kanta kafin ya nutse."

"Ni za ka koya wa gahawa? Na sha gahawa a Maiduguri tun uwarka ba ta yi haƙori ba. A buta ake dafa ta, da citta da kanumfari. Gahawar kirki ba ta kumfa. Sabulu ke kumfa, da bakin raƙumi, da..." Sai ta haɗiye na ukun.

"Da bakinki in kina barcin rana."

"Allah ya shirye ka. Me kake sa mata take kumfar?"

"Ba na sa komai, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai. Giram goma sha takwas nake aunawa kullum. Niƙa iri ɗaya, bai kai laushin fulawa ba, bai yi girman tsaki ba. Ruwa in ya tafasa in sauke in ƙirga talatin. Amma leda ta farko kwana huɗu ta yi tana kumfa, ta daina. Ta biyu kwana uku. Ko dai aljanun ɗakinki ne ke lashe ta?"

"Aljanuna suna da tarbiyya, ba sa shan ƙazanta."

"In na samu ta tsaya kullum, tebur zan kafa a garejin tireloli. Direbobi suna son abin da zai hana su gyangyaɗi."

Yakaka ta dube shi da sauri. Kusan da waɗannan kalmomin Gana ya taɓa yi wa ubansa bayani. Ta gyara zama a kan kujerarta.

Mahdi bai lura ba. Ya zazzago 'ya'yan gahawar a tafin hannunsa yana jujjuya su, sai ya tsaya cak. Ya tsinto wani abu ya ɗaga shi sama.

"Yakaka. Me ya kawo busasshiyar kuɓewa cikin gahawata?"

"Ina na sani? Ƙila a Jos tare suke shuka su."

"Ga ɗan barkono ma. Wannan daga faifanki ne!"

"Faifai nawa ne a Potiskum?"

"Mai kuɓewar bara da ƙurar goro guda ɗaya ne, kuma na san mai shi. Faɗi gaskiya, amarya, ko in sake ki yau a gaban kaji."

"Sake ni mana, in ga mai dafa maka tuwo." Ta kau da kai. "Ledar ce na gani ta kumbura tim kamar cikin jakin da ya kwana biyu da mutuwa. Duk abin da ya kumbura a leda ai ya lalace, ko gwangwanin tumatir ne zubarwa ake yi. Na huda ta, na shanya a kan rufin ɗakin girki in ka fita, in ka kusa dawowa in kwashe."

Mahdi ya ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi! Iskar nan da ta kumbura ledar ai ita ce kumfar! Sabuwar suya ce, numfashi take yi. Kin kwashe ta kin baje a ranar Potiskum, ranar da ke dafa ƙwai a kan bokiti? Kwana nawa?"

"Ban ƙirga ba. Har sai da ta daina wari."

"Ƙamshi, tsohuwa! Ƙamshi ne!"

"A hancinka."

Ya tashi yana surutu ya shige ɗakinsa, ya fito da wata leda a kumbure. Ta uku ce, abokinsa Oche ya aiko masa da ita daga Jos shekaranjiya, ya ɓoye ta a akwati don ta kwana biyu tukuna. Yakaka ta bi ledar da ido. Ba ta san da wannan ba.

"Yanzu za ki gani da idonki."

"Ajiye ta nan," ta ce. "Ba za ka taɓa ba. Ni zan yi."

"Ke? Ke da rediyo ma sai an kunna miki?"

"Na ce ni zan yi. Zazzage aljihunka."

"Aljihuna kuma? Kuɗin cefane kike nema?"

"Zazzage. Naɗe hannun rigar. Koma can ka zauna, ka sa hannuwanka a inda nake ganinsu."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya yi yadda ta ce. Makulli ne da waya da asuwaki. Yakaka ta ɗebo ruwa daga randarta, ta tafasa a butarta, ta ɗauraye finjalin da ruwan zafi sau uku. Ta farke ledar da kanta, ta duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa. Shi yana daga nesa yana ba da umarni.

"Ƙara biyu, sikelin bai cika ba. To, zuba a injin niƙan, ki juya. Juya mana, ba tuƙin tuwo ba ne!"

"Rufe mini baki."

"Yanzu danna garin. Daidai wa daida, kada gefe ɗaya ya fi tudu. Da ƙarfi fa, in kina da shi."

"Hannun da ya shekara arba'in yana matse tunkuza kake tambaya ko yana da ƙarfi? Da wannan hannun na murɗe maka kunne ranar da ka saci ƙuli."

"Zuba ruwan. Ja mariƙin a hankali, kada ki saki, kada ki yi gaggawa. Ƙirga ashirin da biyar."

Ta ja. A ranta addu'a take yi kada komai ya taso, domin in da hannunta da ruwanta abin ya fito baƙi, to ta tabbata wani abu yake sakawa, ta san kuma da abin da za ta yi faɗa. Sai ga shi ya fara ɗigowa, siriri, mai kauri. Kafin ta kai ashirin, kan finjalin ya rufe ruf da kumfa ja-ja-ja, ko ɗigon baƙi ba a gani.

Mahdi ya daka tsalle. "Ga ta! Wallahi ga ta! Ko a Jos ban taɓa ganin irin wannan ba! Tsohuwa, na fasa sakin!"

Ita kuwa ba ta taya shi murna ba. Ba a sa komai ba, ta gani da idonta. Ashe abin a cikin 'ya'yan yake tun daga can, ba aljihun da za ta zazzage ta raba shi da shi. Ya miƙo hannu zai ɗauka. Ta riga shi, ta ce bisimilla, ta kafa kai ta shanye tas.

"Kai! Ko karyawa ba ki yi ba!"

Ɗacin ya naɗe mata harshe. Ta koma kan kujerarta ta zauna, ta kama gefenta da hannu biyu.

"Minti nawa yake ɗauka?"

"Me?"

"Kafin ya hau kai." Muryarta ta sauka. "Saurara, Mahdi. In ka ga na cire ɗankwali na nufi titi, ka kulle ni a ɗaki, kada unguwa ta gani. In kuma tafiya ce, likkafanina yana ƙasan adaka, cikin jan zane. Sannan ka kai ledar nan masai ka juye. Ka yi mini alkawari."

Ya buɗe baki zai mayar mata da wata tsiyar, sai ya ga idonta. Ya zo ya durƙusa a gabanta.

"Yakaka, da gaske kike?"

"Na ga yadda Gana ya fara. Da kumfa ya fara, ina kallo ta katanga ban ce komai ba. Shanyar farko kuskure ce. Ta biyu da gangan na yi, don na ga tana kashe kumfar. Wata biyu ba na barci, ja'iri, kai kana ta waƙa."

Mahdi ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, da tausayi. Ya riƙe hannunta, suka zauna jira. Zuciyarta tana bugawa da sauri, ta gaya masa, ya ce haka take yi wa wanda bai saba ba. Ta sa shi ya tambaye ta sunayen 'ya'yanta, ta jero su duka har da waɗanda suka rasu. Ta karanta Fatiha ba tuntuɓe. Ta dubi titi ta ƙofar zaure, ta ji ba ta da sha'awar ba kowace mota hannu. Sai da inuwar dogonyaro ta matsa da kusan taku guda sannan ta saki gefen kujerar.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ɗaci kawai? Ka je har Jos ka ɗauko ƙarfe don ka sha ɗaci, ga ganyen dogonyaro a kanka kyauta?" Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na bin kumatunta. "Kai, Allah ya haɗa ni da wawan miji."

Ta miƙe ta shiga ɗaki, ta daɗe tana buruntu, ta fito da wata baƙar kwalba mai murfin murɗawa, sabuwa fil.

"Ungo. Na ajiye ta ne don turaren wutar wadda za ta yi kuskuren aurenka. Ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Juye su, ka murɗe da kyau, ka sa a ƙarƙashin gado inda rana ba ta kai. Da tun farko ka ce mini ƙamshi kake tsarewa, ai mu ne malaman abin."

"Na gode, amarya. Na sallama, kin ci."

"Ban gama ba. Kullum finjalin farko nawa ne."

"Ba yanzu kika ce ɗaci ne ba?"

"Ɗaci ne, kuma zan sha. Daga nesa ake aiko maka da abin nan, ban san hannun da yake bi ba. Ranar da aka sa maka wani abu a ciki, ni zan fara sani."

Mahdi ya miƙe. Ya ɗauki finjalin ya ɗauraye, ya ɗora butar a wuta.