Ranar da Na Ruɓar da Naman Layyar Surukata

Ni na ruɓar da naman layyar surukata a Kurfi, rabin rago cur.

Ana gobe Sallah ta sayo firji, ga ɗakinta babu soket. Aka ce a kira mai wayarin daga Dutsin-Ma, na ce a bari. Ni mahaƙin rijiya, da rijiya ta rufta da ni sau biyu na fito da raina, waya uku ce za ta gagare ni? Na sayo makunnin nan mai haɗe da soket, na ɗaɗɗaure wayoyin yadda idona ya ga dama. Na danna, ƙwan lantarki ya kama, firji ya hau gurnani.

"Allah ya yi albarka, Malam," in ji Hajiya daga bayan labule. "Bana na huta da suya."

Ashe ta cikin makunnin na bi da wutar soket. Washegarin Sallah ta loda nama, ta kashe ƙwai don ba ta son ɓarna, firji ya mutu tare da shi. Ta kulle ɗaki, ita da mutanen gidan suka tafi ƙauyen Tamawa kwana uku. Wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba, balle in sami abin ɗora wa laifi.

Da suka dawo, tun daga zaure wari ya tare su. Daga ranar sunana a gidan Hajiya ya koma Injiniya.

Yanzu ina nan Dutsin-Ma ina haƙar rijiyata. Duk Sallah ƙanin matata yana kawo mini soyayyen nama, ya ce, "Yaya Injiniya, Hajiya ta ce wannan ba ya buƙatar wuta."